A haƙa foraj, amma a ɗauki nauyin masu karatun ruwan ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da mutanen jiharmu ta Maradi, musamman alhazanmu da iyayen ɗalibai, a kan wani karatu da muka yi wa riƙon sakainar kashi alhali lafiyar yaranmu tana rataye da shi. Ina nufin ilimin duwatsu da ƙasa, da reshensa mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa da abin da ke gurɓata shi, a matakin mastar da doktora.

Ni ba malamin jami'a ba ne. Sana'ata haƙar foraj ce, wato rijiyar burtsatse, tun ina yaro mai ɗaukar tiyo har na kai ga riƙe ma'aikata. Yanzu ƙarfi ya ja baya, na bar wa yara inji, amma ido yana gani. Yaranmu suna gama lisans a fannin duwatsu, a Yamai ko a nan gida, kuma kusan duk wanda ka tambaya ina ya dosa sai ya ce man fetur na Agadem, ko uraniyum na Arlit, ko zinariya. Ban ga laifinsu ba, can albashi yake, kuma tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 hankalin kowa ya koma can. Sai dai a daidai wannan lokaci foraj ke ta tsirowa a Maradi: a unguwar Zariya, a Ali Ɗan Tsoho, a sababbin unguwannin bayan gari, a masallatai, a gidajen burodi, a wurin masu ruwan leda. Ƙidayar 2012 ta ba jiharmu mutum miliyan 3.4, garin Maradi kuma wajen 267,000, yau kuwa an wuce nan nesa. Ba mu da kogin da ke gudu duk shekara. Ruwan da jama'ar nan ke sha daga ƙasa yake fitowa, masu hudar ƙasar suna ƙaruwa kullum, masu sanin abin da ke cikinta kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Mai haƙa yana da nasa karatu, kuma ba na raina shi. Duk mita ɗaya da inji ya nutsa, mukan tari abin da ya taso da laka, mu wanke, mu jera a ƙasa tuli-tuli, goma-goma a layi. In a gindin gulbi kake, za ka ga baƙar laka, sai farin yashi, sai tsakuwa, kafin ka ankara ruwa ya zo. In ka hau tudu, jan rairayi ne da marmara, sannan yumɓu mai launi-launi yana shiga tsakanin yashi mai kauri, sai ka yi gomman mita kafin ka ji sanyi. Wannan shimfiɗa ce masana ke kira Kwantinantal Hamadiyan, wani ɓangare na babban kwarin Iullemeden da Nijar da Mali da Najeriya suka yi tarayya a kansa. Wajen Dakwaro zurfin ya fi haka. In kuwa ka yi kudu, wajen Ɗan Isa da Maraka da Nyelwa, ba ka yin nisa kake cin karo da dutse mai tauri, sai an sauya bakin inji an sa iska, farar ƙura tana tashi tana rufe ma'aikata. A can ruwa ba ya kwance, cikin tsagar dutse yake ɓuya. Na ga rami biyu da ba su fi jifa tsakaninsu ba, ɗaya yana ambaliya, ɗaya ko ɗigo babu.

Iyakar aikinmu ke nan. Za mu ce maka ga ruwa, mu ƙiyasta maka ganga nawa yake bayarwa a awa. Amma daga ina ruwan ya zo, yana sabuntawa ko ba ya yi, in an ja shi shekara ashirin me zai faru da rijiyar maƙwabci, da kuma me ya narke a cikinsa, wannan ba a tafin hannu ake karanta shi ba.

Duk ɗan Maradi da ya manyanta ya san abin da ya faru a Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. A 1985 aka fara ba garin ruwan wani foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba zartsi, jama'a suka yi murna, kuma suna da hujjar yin murna. Shekara wajen goma sha biyar ana sha. Sai yara suka fara tasowa da haƙora ja kamar masu cin goro, daga baya aka ga ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu kai ya yi girma, wasu tafiya ta gagare su. Iyaye sun yi ta yawon magani, aka ce iska ce, aka ce gado ne. Da aka auna, sai aka tarar sinadarin fulorayid ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, na Tsibiri ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa, waɗanda haƙoransu suka lalace kuwa sun fi haka yawa, sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗauki maganar wajen shekarar 2000 kafin duniya ta ji. Waɗannan yaran yau magidanta ne da matan aure. Kana ganinsu a kasuwa, kuma ƙashin da ya lanƙwashe a yarinta ba ya miƙewa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba wanda ya zuba guba a ruwan Tsibiri. Daga jikin ƙasa sinadarin yake fitowa, a wata shimfiɗa akwai shi, a wata babu. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa, tafasa ruwa ba ya kore shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Wanda zai iya cewa a rufe wannan shimfiɗar da siminti, a sa tiyo mai tsaga a waccan, kuma a riƙa aunawa duk shekara, shi ne wanda ya yi karatun da nake magana a kai. Ina tambayar kaina, cikin foraj ɗin da aka haƙa a jihar nan cikin shekara goma da suka wuce, nawa ne aka kai ruwansu ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a pampo? Na manyan ayyuka ana kaiwa. Na gidaje da na sadaka, yawanci da ruwa ya fito fari sai a yi kabbara a tashi.

A cikin gari kuma wata matsalar ce daban. Fili ya yi tsada, gida ya matse, sai ka ga foraj a wannan kusurwa, shaddar maƙwabci a bayan katanga. In an yi aiki bisa ƙa'ida, ana zuba tsakuwa a gefen tiyo a ƙasa, a cike saman da siminti don kada ruwan sama ya bi jikin tiyo ya gangara. Mai neman araha yakan ce a bar simintin. To ruwan masai da na bola da na kwata da na majema ina za su? Abin da ake aunawa a nan shi ne nitirat, sinadarin da irin wannan ƙazanta ke saka wa ruwa, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ƴan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa. Jabel, maganin da ake zuba wa ruwan sha, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma bai taɓa nitirat, bai taɓa fulorayid. Mun ga kwalarar 2018 da ta taso daga wajen Madarunfa, mun ga ruwan damanar 2024 da ya cika unguwanni ya haɗa masai da rijiya. Kakanninmu da ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari, tashi suka yi suka hau tudu. Mu da gurɓatar ke ƙarƙashin ƙafarmu, babu tudun da za mu hau.

Wani zai ce ai mai lisans ma ya isa. Bai isa ba, kuma ba raini ba ne. A shekara uku na lisans yaro yana koyon sunayen duwatsu da tarihin ƙasa da karanta taswira. A shekara biyu na mastar ne ake sa shi ya ɗauki yanki guda ya bi shi da awo da lissafi har ya fito da amsa, a doktora kuma ya ƙara shekara uku ko fiye yana tono abin da ba a sani ba. Can ne ake koyon ƙa'idar da wani injiniyan Faransa mai suna Darcy ya fitar a 1856 kan yadda ruwa ke ratsa yashi, wadda har yau da ita ake lissafin tafiyar ruwa a ƙasa. Can ake koyon gwajin jan ruwa: a kunna pampo awa 72 ba tsayawa, ana auna yadda ruwa ke sauka a ramin da kuma rijiyoyin kusa, a kashe a auna yadda yake dawowa, daga nan a ce wannan foraj kada a ja shi fiye da kaza. Can ake koyon tura wutar lantarki cikin ƙasa da sandunan ƙarfe don gano tsagar dutse kafin a kawo inji, abin da zai hana ƙauyukan kudu asarar busasshen rami.

Har shekarun ruwa ana aunawa, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki da na fara ji. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sararin sama, sun bar wata alama a ruwan sama wadda ta kai maƙura a 1963, saboda haka ruwan ƙasa mai ɗauke da ita sabo ne. Wanda ya daɗe kuma ana auna shi da wani sinadari da ake kira kabon 14. Ta haka aka gane cewa ruwa mai zurfi na kwarin Iullemeden a wurare da yawa ya yi dubban shekaru, tun zamanin da Sahara take kore ya sauka. Wato rumbu biyu gare mu: na gindin gulbi da damina ke zuba wa hatsi duk shekara, da na can ƙasa wanda gado ne, abin da ake zuba masa bai kai abin da za a iya ɗiba ba. Yanzu da faifan hasken rana ya yi araha, pampo yana aiki daga hantsi har la'asar ba a sayen mai, wa ke lissafin daga wane rumbu ake ɗiba?

Kada kuma a ɗauka amsar a fili take. A yammacin ƙasar nan, kewayen Yamai, masu bincike sun tarar ruwan ƙasa ya hau wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne an share daji an yi gonaki, ruwan sama ya daina tsayawa a inda ya sauka, ya riƙa gangarawa tabkuna yana nutsewa daga can. Ba mai iya cankar wannan daga zaune. Shekara da shekaru aka yi ana zura awo a rijiyoyi kafin a gane. Abin da ya faru a can ba lalle shi ke faruwa a nan ba, kowace ƙasa da halinta, shi ya sa muke bukatar namu masu awo.

Dubi Gulbin Maradi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarunfa, ya wuce Maradi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, zuwan ruwansa ya danganta da damina da kuma sakin da aka yi daga can. Ruwan da ke bi ta gulbin nan yana nutsewa cikin yashi, shi ne ke ciyar da rijiyoyin fadama, da gonakin Jiratawa masu fiye da hekta 500 da ake ba ruwa da foraj tun farkon shekarun 1980, inda zogale da alkama da kayan miya ke fitowa. Akwai yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya, kuma gulbinmu yana ciki. Amma in an zauna teburi da ƴan'uwanmu na Katsina, ba da zumunci kaɗai ake rabon ruwa ba. Sai wani ya buɗe takarda ya ce in an saki kaza, rijiyoyinmu suna hawa kaza, in an riƙe, suna sauka kaza. Ina so wanda zai buɗe takardar ya zama ɗan gulbin ne, wanda gonar ubansa ke ciki.

Wuraren karatu akwai. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da sashen ilimin duwatsu da ya daɗe yana fitar da masana ruwa, ga EMIG, makarantar ma'adinai da ilimin duwatsu, ga AGRHYMET, cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi da aka kafa tun 1974. A nan gida muna da jami'ar da aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankolodo, wanda shi kansa masanin kimiyyar sinadarai ne. A Wagadugu akwai 2iE, makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli, a ƙetaren iyaka akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta Kaduna. Ba kujera ce ta yi ƙaranci ba, Malam Edita. Abin da ke karya ɗalibi shi ne fita daji.

Ɗiyar ƙanena tana wannan karatu, kuma na raka ta wani ƙauye a gefen gulbi. Ta zo da igiyar awo ta aro, irin wadda ke ƙara in bakinta ya taɓa ruwa, da ƴar na'urar auna gishirin ruwa, da kwalabe a cikin kula mai ƙanƙara. Mata suna jan wasaki suka dakata suna kallo. Wata dattijuwa ta ce mata, "Yarinya, in zurfi kike nema ki tambaye mu. Igiyar nan tun aurena an ƙara mata gaba biyu." Ɗiyata ta rubuta, ta tambayi watan da rijiyar ke ja baya da watan da take cikowa. Da za mu tashi dattijuwar ta riƙe hannunta ta ce, "To ruwan namu lafiya?" Ta ce, "Inna, sai na kai an auna, zan dawo in faɗa muku." A hanya ta ce mini, "Baba, rijiyoyin da ya kamata in ɗiba sun ninka kwalaben nan, kuma rani da damina ya kamata in zo. Kuɗin awon ne babu."

Ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin mota, kuɗin hayar na'ura, kuɗin ɗakin gwaji, duk a wuyan ɗalibi da iyayensa. Wanda ya kasa sai ya koma kan tsofaffin alƙaluman da wani ya tara shekara talatin baya, ya sake jera su, ya samu takardarsa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da komai ba. Wanda ya yi fice kuma, masu ba da tallafi daga waje su ɗauke shi, sau da yawa su ne za su zaɓa masa abin da zai bincika.

Saboda haka nake kira ga alhazanmu. Maradi gari ne na masu kyauta, ba a gaya mana daɗin sadakar ruwa, kuma Allah Ya saka wa duk wanda ya shayar da mai ƙishi. Roƙona shi ne, duk wanda zai fitar da miliyoyi ya haƙa foraj, ya ware wani abu ya ba ɗalibin mastar guda ya bi aikin tun daga zaɓen wuri har gwajin ruwa, kuma ya riƙa dawowa yana aunawa. Kuɗin bai kai na shato, wato tankin ruwa, da faifan rana ba. Wanda Allah Ya hore wa fiye da haka ya je jami'a ya ce ga nauyin ɗalibi biyu ko uku na ɗauka, da sharaɗin bincikensu a ƙasar Maradi za a yi shi. Na'urar auna fulorayid da nitirat da za a ajiye a jami'armu, kowane ƙauye ya kawo ruwansa, ba ta fi ƙarfin ɗan kasuwa guda ba. Wallahi ina ganin ladan wanda ya hana a shayar da yara irin ruwan Tsibiri ba zai gaza na wanda ya haƙa ba.

Ƴan'uwana masu haƙa, mu ma da namu. Kowane rami da muka huda, mun ga abin da ba wanda zai sake gani. A rubuta zurfin kowace shimfiɗa da inda aka samu ruwa, a miƙa wa ma'aikatar ruwa kwafi, a bar ɗalibai su zo bakin aiki. Dokar ruwa ta 2010 ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar al'umma, to bayanin inda yake ma bai kamata ya ruɓe a aljihun mota ba. Magadan gari kuma, in ana rabon filaye, a nemi mai wannan ilimi ya nuna inda bola da maƙabarta da majema za su zauna ba su hau kan ruwan sha ba. Haka wajen Ɗan Isa da aka samu zinariya: bayan ramin da ya rufta da mutane a Garin Liman a 2021, akwai sinadaran wanke zinariya da ke iya bin tsagar dutse su shiga rijiya. Abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya ishe mu gargaɗi.

Iyaye, kada a hana ɗiya mace wannan fanni don an ce aikin daji ne. Mata ne a bakin rijiya, su suka san ranar da ruwa ya sauya ɗanɗano, kuma abin da dattijuwar nan ta gaya wa ɗiyata ba lalle ta gaya wa namiji baƙo ba. Ɗalibai kuma, wanda ke gudun lissafi da kimiyyar sinadarai kada ya shigo. A koyi Ingilishi a kan Faransanci, domin shimfiɗar da muke sha daga gare ta ta zarce har ƙasar Sakkwato, kuma abin da aka rubuta a kanta a can da Ingilishi yake.

Na ƙarshe naka ne, Malam Edita. Kundin binciken da yaran nan ke rubutawa da Faransanci yake, ana kare shi gaban malamai, a tafa, a ajiye a kanta. Maigarin da aka ɗebi ruwan rijiyarsa ba ya sake jin labari. Ina roƙon duk lokacin da ɗalibi zai kare bincike kan ruwan jihar nan ka tura wakilinka, a fito da sakamakon da Hausa a shafi guda: wane ƙauye, wace rijiya, me aka tarar, me za a yi. Gidajen rediyonmu su ɗauka su karanta. Ni kuma littattafan da na rubuta zurfin ramukan da na haƙa suna nan a akwati, duk ɗalibin da ke bukatarsu ya nemo ni ta hannun jaridarka, zan ba shi ya kwafa kyauta.

Na gode da fili. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon mai haƙar foraj,
Unguwar Zariya, Maradi